Shekarar da Muka Rasa Keken Sayarwa, da Shekarar da Muka Rasa Wurin Ajiye Shi

Gyaran keke ne aikina. Tun a gida na koyi faci da ɗaurin sifok, yanzu kuma ina bayan benci a wani ƙaramin shagon kekuna a tsakiyar Ingila. Shaidar da zan bayar ta rayuwar shagon ce da ta sana'ar baki ɗaya daga 2020 zuwa 2024, domin a gaban idona aka yi komai, kuma kwalayen da suka kusa binne shagon da hannuna na sauke su daga mota.

Ranar 23 ga Maris 2020 gwamnatin Birtaniya ta sa dokar kulle saboda korona. Aka rufe kusan kowane shago, aka bar kaɗan da aka ce ba a iya rayuwa sai da su, shagon keke na cikinsu. An ce wa jama'a su guji bas da jirgin ƙasa, wuraren motsa jiki a rufe, sau ɗaya rak aka yarda mutum ya fita a rana ya miƙe ƙafa. Ga tituna wayam babu mota, ga bazarar shekarar ta zo da rana irin wadda mutanen nan ba su saba gani ba. Duk wanda ke da ƙafa biyu sai ya tuna da keke.

Kayan ba lokaci ɗaya suka ƙare ba, bi da bi suka tafi. Kekunan yara da masu araha na zirga-zirgar cikin gari su suka fara tafiya. Da suka ƙare, mai neman na fam 400 ya ƙara kuɗi ya ɗauki na fam 700, wanda ya zo bayansa ya ɗauki na fam 1,200 ba tare da ya taɓa neman ragi ba. Wanda bai samu sabo ba ya koma gida ya jawo tsohon da ya yi shekara goma sha biyar a rumfar bayan gida. Irin waɗannan tsofaffin yawancinsu taya mai inci 26 gare su, saboda haka tiyub da taya na inci 26 suka yi ɓatan dabo. Daga nan sai cen, wato sarƙar keke, sai haƙoran baya, sai wayar giya, sai robar birki. Layin gyara ya kai sai ka jira makonni kafin a taɓa maka keke.

Gwamnatoci kuma suka ƙara wa wutar fetur. A watan Yuli Birtaniya ta fito da takardar tallafin gyara ta fam 50, kuma daren da aka buɗe rajista shafin ya tsaya cak saboda turereniya. Faransa ta ba da yuro 50 na gyara. Italiya ta ce za ta biya wa mutum wani kaso na kuɗin sabon keke har zuwa yuro 500. A Amurka cinikin kekuna da kayansu a watan Afrilun 2020 kaɗai ya kai dala biliyan ɗaya, ƙarin kashi 75 cikin ɗari a kan na bara. A Jamus an sayar da kekuna sama da miliyan biyar a shekarar. Wanda ya shekara talatin a sana'ar bai taɓa ganin irinta ba.

Mai karatu zai ce to a ƙara ƙerawa mana. A nan gizo ke saƙar. Sunan da ke rubuce a jikin keke ba shi ne ya ƙera yawancin abin da ke jikinsa ba. Firam ana walda shi a Taiwan ko Sin ko Biyetnam ko Kambodiya. Giya da cen da birki, mafi yawansu daga kamfanoni biyu suke fitowa, Shimano na Japan da SRAM na Amurka wanda yawancin masana'antunsa ke Taiwan. Taya daga wani wuri, sirdi daga wani, fok mai sifirin, wato ƙarfen da ke riƙe ƙafar gaba, daga wani. Keke guda yana jiran kaya daga masana'antu da yawa, kuma idan abu ɗaya ya makara, ko da hannun birki ne, duk sauran sai su zauna. Ba a sayar da keke a ce wa mutum ya dawo wata shida ya karɓi birkinsa.

Kafin korona, kamfani kan yi odar kayan giya ya karɓa cikin 'yan watanni. A 2021 jiran wasu kayan Shimano ya kai kwana 400. A watan Yunin shekarar dokar kulle a Malesiya ta tsayar da masana'antarsu ta can, wadda ke yin kayan kekuna masu matsakaicin kuɗi, wato dai waɗanda aka fi nema. Kafin wannan, a watan Maris, jirgin ruwan nan Ever Given ya gitta a mashigin Suwez ya toshe hanya kwana shida. Kwantena mai ƙafa 40 daga Shangai zuwa Rotadam, wadda a da ake ɗauka a kan dala 2,000 ko ƙasa, ta haura dala 14,000. Irin wannan kwantena kan ci kekuna kimanin 250 a kwali. Ka yi lissafi: dakon keke ɗaya ya tashi daga dala 8 zuwa kusan dala 56, tun kafin a zo maganar haraji da motar da za ta kawo shi ƙofar shago. Almini ya yi tsada, roba ta yi tsada, kwali ma ya yi tsada. Kamfanoni suka riƙa ƙara farashi sau biyu ko uku a shekara ɗaya, masu saye kuma ba su ja da baya ba.

Yanzu ga inda ɓarnar ta fara, kuma ba wanda ya gan ta a lokacin.

Mutum ɗaya yana neman keke. Ya shiga shagonmu babu, muka rubuta sunansa. Ya je na gaba babu, suka rubuta. Ya buga waya shaguna uku, duk suka rubuta. Mutum ɗaya ya zama mutum biyar a takarda. Kowane shago ya dubi littafinsa ya ga jerin sunaye, ya kira dila ya ba da oda. Dila kuma ba shi da isasshen kaya, sai ya koma rabo: ka nemi ɗari a ba ka talatin. Ɗan kasuwa ba wawa ba ne. Da ya gane kashi ɗaya cikin uku ake bayarwa, sai ya nemi ɗari uku don ya samu ɗarin da yake so. Bai tsaya nan ba, ya je wajen dila na biyu da na uku ya ba da irin wannan odar, da tunanin duk wanda ya fara kawowa shi ke nan. Kamfanonin kekuna su ma haka suka yi wa masana'antun Asiya, su kuma masana'antun suka ƙara injina suka ɗauki ma'aikata. Masana harkar kasuwanci da bulala suke kwatanta wannan: ɗan motsi ne a wuyan hannu, amma kafin ya kai bakin bulalar ya zama tsawa. Mu kuwa mun san shi a wajen manoman albasa. Shekarar da buhu ya yi tsada, kowa sai ya dasa albasa, kaka ta gaba a rasa mai tayawa.

Bambancin shi ne manomin albasa wata huɗu ko biyar yake jira. Mu shekara ɗaya da rabi zuwa biyu. A 2021 wakilan dilolin suka riƙa zuwa da takarda suna cewa a rubuta abin da ake so na 2022, wasu har na 2023, da launi da girman firam, alhali ba mu ga keken ba, farashin ma ba a tsayar ba. Wanda ya ƙi rubutawa an gaya masa zai koma ƙarshen layi. Wasu takardun kuma akwai sharaɗin ba a sokewa, wasu har da kafin alƙalami. Maigidanmu ya sa hannu, kuma ban ga laifinsa ba. Mutumin da ya yi wata goma sha takwas yana sallamar masu kuɗi a hannu don babu kaya, in ka ce masa ya rage oda, kallon mahaukaci zai yi maka.

Masu saye kuwa tun a lokacin sun fara janyewa, ƙarancin kaya ne ya rufe mana ido. Keke ba burodi ba ne. Wanda ya saya a 2020 ba zai dawo ba sai bayan shekara bakwai ko goma. Ashe cinikin shekara uku ko huɗu masu zuwa muka cinye a shekara ɗaya, muna cewa kasuwa ce ta buɗe. Da aka buɗe ofisoshi da wuraren motsa jiki da filayen jirgin sama, da yawa daga sababbin mahayan suka ɗauki hoton kekunansu suka sa a Facebook da eBay a rabin kuɗi, wasu ko gashin sabuwar taya bai kakkaɓe ba. Sai ga yaƙin Ukiren a Fabrairun 2022, kuɗin gas da wuta suka yi tashin gwauron zabi. A Oktoban shekarar hauhawar farashi a Birtaniya ta kai kashi 11.1 cikin ɗari. Babban bankin Ingila ya ɗaga kuɗin ruwa daga kashi 0.1 a ƙarshen 2021 har ya kai 5.25 a Agustan 2023. Mai tunanin kuɗin ɗumama gida da bashin gida ba ya tunanin keken fam dubu.

Daidai wannan lokacin masana'antu suka kammala aikin da aka ba su, tashoshin ruwa suka warware. Daga ƙarshen bazarar 2022 motoci suka fara tsayawa a ƙofar shago. Odar da aka yi wa dila na farko ta zo cif, ba kashi ɗaya cikin uku ba. Ta dila na biyu ta zo. Ta na uku ma ta zo. Kuma duk suka zo a bakin hunturu, lokacin da a ƙasar nan ba mai sayen keke sai na yara don Kirsimeti. Sito ya cika, bene ya cika, aka jera kwalaye a hanyar banɗaki, daga baya aka kama hayar wani ɗakin ajiya a wajen gari. Kowane kwali da takardar biyansa, wani kwana 30, wani 60, mai sauƙin shi ne 90. Maigida ya kira wani dila ya roƙi a tsayar da ragowar kayan. Amsar da aka ba shi ita ce su ma nasu sitocin sun cika, kuma kwantenoninsu na kan ruwa. Ba ƙarya suka yi ba. A Disambar 2022 Giant, ɗaya daga cikin manyan masu ƙera keke a duniya, ya rubuta wa masu kawo masa kaya yana neman su ƙara masa kwana 45 kafin ya biya su. Idan giwa ta nemi a ɗaga mata ƙafa, me za a ce da zomo?

Mutane kan ɗauka shago na cin ƙazamar riba a kan keke. Bari in ba da misali da keken da aka liƙa wa fam 1,000. Harajin saye a nan kashi 20 ne, kuma yana cikin kuɗin, don haka kusan fam 167 na gwamnati ne, saura 833. A ce shago ya saro shi a kan 550. Abin da ya rage 283 ne, kuma daga ciki za a biya awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi na haɗa shi daga kwali, da dubawar kyauta da ake yi bayan mako shida in wayoyi sun saki, da kuɗin na'urar kati, da haya, da wuta, da albashi. In mai saye ya zo ta tsarin gwamnati na sayen keken zuwa aiki, kamfanin da ke tsakani ya yanki nasa kamasho, wanda kan kai kashi goma. To a yi ragin kashi 20: mai saye ya ba da 800, bayan haraji 667, riba 117. Ragin kashi 30: ya ba da 700, bayan haraji 583, riba 33, wadda ko kuɗin haɗawa ba ta biya ba. Ragin kashi 40: faɗuwar fam 50 tun kafin a yanke igiyar kwali. A 2023 ragin kashi 30 zuwa 40 shi ne abin da mai saye ke tsammani tun daga bakin ƙofa, kuma ya zo da wayarsa a hannu yana nuna maka inda ya ga an yi hamsin.

Me ya sa za a sayar a faɗi? Saboda keken da ke kwali ba ya biyan haya. Ranar biyan dila in ta zo, fam 500 a hannu ta fi keken fam 1,000 a sito. Kowa ya san haka, shi ya sa kowa ya karya farashi lokaci guda, kuma kowane ragi ya jawo na gaba. Su kansu kamfanonin suka shiga sayarwa kai tsaye a shafukansu na intanet, wani lokaci a ƙasa da kuɗin da shago ya saro irin keken wata shida baya. Kamfanonin da suka tara giya da birki fiye da firam ɗin da za su ɗaura su kuma suka zubar da su ta bayan fage, sai ga su a manyan shagunan intanet cikin leda ba kwali, a farashin da ya gaza na sarinmu. Wani abin takaicin shi ne kayan da ke sitonmu su ne mafi tsada da aka taɓa ƙerawa, don a lokacin kwantenar dala 14,000 aka yi lissafinsu. Kafin 2023 ta ƙare kuɗin kwantena ya koma ƙasa da dala 2,000. Sabon da ke tafe ya fi tsohon da ke hannu araha.

Sannan keke a kwali ba zama yake yi lafiya lau ba. Wannan ɓangaren ni ya fi shafa, don a bencina kowane ɗaya ke ƙarewa.

Kwalin keke a tsaye ake ajiye shi. Da wuri ya yi ƙaranci aka fara kwantar da su ana ɗora wani kan wani. Na ƙasa shi ke shan wahala: faifan birki ya lanƙwashe, ɗan ƙarfen da ke riƙe injin giya a jikin firam ya karkace, ƙafar gaba ta ɗan murɗe. Ɗakin ajiyar da babu ɗumi yana tara raɓa, kwali ya yi laushi, cen da kawunan noti su fara ja. Iska na fita daga taya a hankali, bayan wasu watanni keken na zaune a kan rim, gefen tayar ya ninke a wuri ɗaya har ya fara tsagewa. Birki mai aiki da mai, in ya daɗe ba a matsa shi ba, fistin ɗinsa kan maƙale, ko kuma mai ya riƙa tsattsafowa ta gefen roba ya jiƙa abin da ke matse faifan, wanda muke ce wa fad. Fad ɗin da ya sha mai ba ya wankuwa. Ihu zai riƙa yi ba ya kamawa, sai dai a jefar a sa sabo, a goge faifan da sifirit. Birkin da ke amfani da irin man da ake ce wa DOT kuma man na zuƙar danshi ko ba a hau ba, sai an zuƙe an zuba sabo an fitar da iska. Fok mai sifirin, mansa kan gangara ƙasa, soson da ke sama ya bushe. Kafin a danna shi sai an kifa keken na 'yan mintuna man ya koma, in ba haka ba a karce sandunan tun ranar farko.

Keken lantarki shi ne babban ciwon kai, kuma shi ne ya fi cin jari. Batirinsa so yake a ajiye shi da caji tsakanin kashi 30 zuwa 60, a wuri busasshe mara tsananin sanyi ko zafi, a duba shi duk bayan wata uku zuwa shida. Batir na zubar da caji a hankali ko ba a kunna shi ba. In ya sauka ƙasa da wani mataki, na'urar kariyar da ke cikinsa sai ta kulle shi, ka sa caja ko fitila ba za ta kama ba. Wani yana farfaɗowa, wani ya tafi ke nan, kuma sabo fam 500 ne ko fiye. Don haka aikin hunturun 2023 ya haɗa da buɗe kwalaye ɗaya bayan ɗaya, a ciro batir, a ba shi caji kaɗan, a rubuta kwanan wata a jikin kwali, a mayar a liƙe. Aikin da ba mai biya. Keken da a da ake haɗawa cikin awa ɗaya ya koma cin awa biyu da sabbin kaya, kuma shi ne za a sayar da ragin kashi 35.

Ga kuma tsufan da ba na ƙarfe ba. Sana'ar nan ta saba da sauya samfuri duk shekara. Sau da yawa fenti kawai ake canzawa, amma da zarar na bana ya fito, na bara ya zama ragon da ya kwana bayan Sallah. Wannan karon kuma ba fenti kaɗai ba ne. A tsakiyar 2022 Shimano ya fito da giya samfurin 105 mai canzawa da lantarki, mai hawa 12. A farkon 2023 ya fito da jerin CUES don maye gurbin tsofaffin giyoyin kekuna masu matsakaicin kuɗi. A Maris ɗin shekarar SRAM ya fito da wata giyar keken hawan dutse da ba ta ɗauruwa sai a firam mai wani irin mazauni na musamman. Mai saye ya karanta duk wannan a intanet. Sai ya dubi sabon keke dal wanda ba a taɓa hawa ba ya ce tsohon yayi ne. Girman firam ma da nasa: matsakaici da babba su ke tafiya, ƙarami can da babba can su ke kwantai. Mutum ya shigo da kuɗinsa, kana da keken da yake so har guda shida, babu ko ɗaya da ya yi daidai da tsayinsa.

Daga nan sai labarin mutuwar kamfanonin keke ya riƙa zuwa. Prophete na Jamus a Disambar 2022. A Janairun 2023 Specialized, kamfanin keke na Amurka, ya sallami kashi 8 cikin ɗari na ma'aikatansa. A Maris, Moore Large, tsohon dilan kekuna na garin Dabi a Ingila, ya durƙushe. A Yuli kotu a Amsadam ta ayyana karayar VanMoof mai ƙera keken lantarki, kuma da yake kusan komai na jikin kekensa nasa ne shi kaɗai, waɗanda suka sayi keken suka shiga neman kayan gyara ido rufe. A Oktoba Wiggle da Chain Reaction Cycles, manyan masu sayarwa ta intanet a Birtaniya, suka faɗa hannun masu kula da kadarorin bashi, a watan kuma Islabikes mai kekunan yara ya ce ya daina. Duk wanda ya faɗi, kayansa gwanjo ake yi, gwanjon kuma ya ƙara danne farashin waɗanda ke da sauran numfashi. A ƙarshen shekarar kamfanin keke na Kona ya kai ga tallan ka sayi ɗaya a ba ka ɗaya kyauta, a kan kekunan hawan dutse masu tsada, abin da muka saba gani a kan biskit.

Cinikin Shimano, wanda ya kai yen (kuɗin Japan) biliyan 628 da ɗoriya a 2022, ya sauko zuwa biliyan 474 a 2023, ɓangaren kayan keke ya ragu da kusan kashi 30. Ƙungiyar masu sana'ar keke ta Birtaniya ta ce abin da aka sayar a 2022 bai kai miliyan biyu ba, mafi ƙaranci cikin shekara ashirin, kuma 2023 ta fi ta muni. Brompton mai keken naɗewa, wanda ya ci ribar sama da fam miliyan goma a shekarar da ta gabata, a shekarar kuɗin da ta ƙare Maris 2024 ribarsa fam 4,602 ce. Ban manta sifili ba. Accell, kamfanin kekuna na Holan, wanda masu zuba jari na KKR suka saya a kan yuro biliyan 1.56 a 2022, ana tsakiyar daɗin kasuwa, ya yi asarar kusan yuro miliyan 390 a 2023. A lokacin shi ne mai Raleigh, keken nan da iyayenmu suka hau, wanda har masana'antarsa aka taɓa yi a Kano. A Maris 2024 shugaban Trek, wani kamfanin keke na Amurka, ya sanar da ma'aikata za a rage kashe kuɗi da kashi 10, a kuma rage yawan nau'o'in kaya da kashi 40.

Shagonmu bai mutu ba, amma ya rame. An saki ɗakin ajiyar waje bayan an sayar da abin da ke ciki a faɗe, an rage masu tsaron kanta, an daina hulɗa da diloli biyu. Abin da ya riƙe shi benci ne. Miliyoyin kekunan da aka saya a 2020 sun isa canjin cen da fad da taya, kuma intanet ba ta iya fitar da iska daga birki. Ribar aikin hannu ba ta kwana a kwali, ba ta tsufa, ba a biyan dila kafin a same ta. Aka ƙara benci, aka rage filin baje koli, aka ɗaga kuɗin aiki wanda ya daɗe a ƙasa. Wanda ya sayo cen ɗinsa a intanet ya kawo a ɗaura, a da ana ɓata masa rai, yanzu ana yi masa maraba a caje shi kuɗin aiki cikakke. Oda kuma ta koma kaɗan-kaɗan: ɗaya ko biyu na gwaji a shago, sauran su zauna a siton dila, in an saya a kira a kawo cikin kwana biyu ko uku. Duk wakilin da ya zo da takardar odar shekara guda, shayi kawai yake sha ya tafi.

Ana cikin haka ƙanena da ke sayar da kekunan gwanjo a gida ya kira ni. Tun da aka cire tallafin fetur a ƙarshen Mayun 2023 masu neman keke suka ƙaru a wajensa, ya kuma ji labarin ana zubar da kaya a Turai.

"Yaya, ka haɗa mana kwantena ɗaya mana, tunda an ce rabin kuɗi ake bayarwa."

Na ce masa ya ɗauko biro. Rabin fam 1,000 fam 500 ne, kuma nairar da ake canzawa wajen 460 a dala kafin Yunin 2023 ta wuce 1,500 a farkon 2024, fam kuwa ta fi dala. Ga dako, ga kwastan, ga mota daga Legas. Sannan abin da ya yi kwantai a nan ba shi ne abin da mai kai kaya kasuwa ko ɗan makaranta ke nema ba. Cen mai hawa 12 siriri ne, ƙura da yashi na cinye shi da wuri, kuma da ya miƙe da rabin kashi ɗaya cikin ɗari dole a canza, in ba haka ba ya cinye haƙoran baya, waɗanda kuɗinsu kaɗai ya sayi keken gwanjo sukutum. Birkin mai in ya yi iska, mai faci na bakin titi ba shi da sirinji da man da ya dace. Yawancin waɗannan firam ɗin ko ramin ɗaura kariyar ɗaukar kaya babu, balle a ɗora buhu.

Ya yi shiru, sannan ya ce, "To Yaya, me zan nema?"

Na ce firam na ƙarfe wanda mai walda zai iya taɓawa, taya inci 26 ko 28, birkin waya, giya ɗaya ko kuma wadda ba ta wuce hawa bakwai ko takwas a baya ba, ƙafa mai sifok 36. Ya ce ai irin su ne a gabansa yanzu haka. Muka koma gaisuwar mutanen gida, na ajiye waya na koma kan wani keken lantarki da aka ƙera a 2022, wanda ranar aka fara yanke igiyar kwalinsa.